Rediyon da Ke Warkewa da Zarar Mun Iso

Injiniya Kabiru ya yi mini ƙazafi. Ya rubuta wa Manaja takarda ya ce ni, Garba mai hawa, nake sassauta notin eriya da gangan don a riƙa nemana, ya karanta ta da bakinsa a gaban ma'aikata, aka dakatar da ni. Ranar Litinin ce da safe. Ba ta taɓa fita daga raina ba, ni ma ban taɓa ƙoƙarin fitar da ita ba. Ina hawan ƙarfe tun yana firamare. Amma shi ne mai digiri, ni kuwa aji biyu na yi a sakandare na fita neman abinci, saboda haka tasa aka ɗauka.

Ku da kuke aikin nan yanzu, da waya a aljihu tana nuna muku komai, sai na gaya muku yadda abin yake a da. Shekarun farko ne bayan sojoji sun koma bariki. Gari ya buɗe, kowa na son ya ga intanet ɗin nan da ake faɗa, shagunan kwamfuta suna ta tsirowa. Kamfaninmu ƙarami ne. Muna da babban faifai a ofishinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, shi ke jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, mu kuma mu kai ta unguwanni. Ba ma haƙa ƙasa mu binne waya. Rediyo biyu ake sawa, ɗaya a kan dogon ƙarfe a ofis, ɗaya a kan wani ƙarfen a can unguwar, kowanne da eriya mai kama da faranti, suna kallon juna ido cikin ido. Ba sa magana da kowa sai da junansu. Daga ƙasan na biyun sai a ja wayoyi a raba wa shaguna da ofisoshi. Idan wannan layin guda ɗaya ya faɗi, duk wanda ke bayansa ya faɗi.

Saitin shi ne aikin. Ni ina sama ɗaure da bel, injiniya yana ƙasa da kwamfuta yana duba ƙarfin sigina, muna magana ta wayar oba-oba. Zai ce dama kaɗan, in juya farantin kamar faɗin yatsa. Ya ce koma, in koma. Haka za mu yi ta yi har a sami inda siginar ta fi ƙarfi, sai in ɗaure noti. Ina kuma da wata al'ada tawa da ba wanda ya koya mini: in na gama ɗaurewa sai in ja layin jan fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfen. Ko bayan shekara ka hau, idan layin ya rabu biyu to noti ya motsa, idan yana haɗe ba abin da ya taɓa shi.

Aikin Tarauni a saman benen Hajiya Yalwa aka yi shi. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata gidan. Ƙasa shaguna ne, ciki har da shagon intanet na wani Nasiru. Sama kuwa ɗakuna ne da take ba nas-nas mata da ɗaliban jinya haya, saboda asibitin koyarwa ba nisa. Can ƙoli rufin kankare ne, an zagaye shi da doguwar katanga, daga titi ba ka ganin abin da ke ciki. A nan masu walda suka kafa mana ƙarfe, dogo siriri, wayoyi huɗu suna riƙe da shi ta kusurwa huɗu don kada ya karkace. Ranar da suka kafa ba na nan, ina can ina fama da na Gyaɗi-Gyaɗi, Injiniya ne ya tsaya a kansu. Washegari na je na ɗora rediyo, muka yi saiti, na ɗaure, na ja fentina, na sauko.

Kwana uku abin yana gudu gwanin sha'awa. A na biyar da hantsi Nasiru ya diro ofis a kan acaɓa.

“Malam Garba, rediyon nan naku yana da iska ne? Jiya ƙarfe tara da rabi ya mutu, sai la'asar ya farfaɗo, yau ma ga shi ya sake mutuwa. Shago cike da mutane, kowa ya zuba mini ido.”

Muka kwashi kaya ni da Injiniya muka tafi. Matakalar sama ta cikin gidan take, don haka muka yi sallama a zaure. Hajiya ta fito.

“Ku dakata, 'ya'yan nan. Gidan mata ne. Bari a gaya musu maza za su hau.”

Ta sa aka kawo mana zoɓo mai sanyi. Muka zauna kamar minti ashirin muna sha, sannan ta ce bismilla. Na hau. Saman fes, ba ko tsinke. Ƙarfe a miƙe, wayoyi a ɗaure tamau, fentina a haɗe. Injiniya ya shiga shagon Nasiru ya buɗe kwamfuta, ya kira ni ta oba-oba ya ce me na taɓa, sigina ta dawo cike. Na ce ban taɓa komai ba.

Sau huɗu muna yin wannan zuwan cikin mako biyu, kuma duk iri ɗaya: sallama, a gaya wa mata, zoɓo, hawa, lafiya lau. Injiniya ya canza waya, ya canza rediyon gaba ɗaya, ya zargi janaretan Nasiru, ba abin da ya sake. Har Nasiru ya fara tsokana, wai mu kawo katifa mu tare a zauren Hajiya tunda rediyon yana jin kunyarmu. Wani ƙaramin asibiti da muke ba layi daga nan ya aiko cewa za su koma wani kamfanin. Manaja ya fara ɗaga murya. Shi kuma Injiniya, da lissafinsa ya ƙare, sai ya waiwayo kaina. A ganinsa abin a fili yake: duk sa'ad da Garba ya hau, sigina ta dawo, to Garba ne yake gyara ɓarnar da ya yi.

Da ya gama karanta takardar a taron Litinin, na miƙe na ce, “Injiniya, ka hau ka duba fentina. Idan layi ɗaya ya rabu, ni da kaina zan ajiye aikin.”

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Ba hawa na karanta ba. Kuma fenti ai wanda ya shafa shi zai iya sake shafawa.”

Manaja, Alhaji ne mai sanyin hali, amma ran nan an matse shi. Ya ce in tafi gida mako biyu, idan ba a wanke ni ba shi ke nan, takardar kuma za ta shiga fayil ɗina. Ku gane abin da hakan ke nufi. Masu irin wannan aikin a Kano a lokacin ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Mai hawan da aka ce yana kwance noti da gangan ba mai sake ɗaukarsa, domin a ƙarƙashin ƙarfe mutane ke wucewa. Ba aikin kaɗai zan rasa ba, sana'ar ce ɗungurungum.

Kwana uku ina kwance a gida a Unguwar Gano ina ƙunci, ba na ko amsa gaisuwa da kyau. A na huɗu matata Asabe ta ajiye mini koko ta tsaya a kaina.

“Malam, kai da kanka ka ce ba ka yi ba. To wa ya yi? Tabarmar nan ba za ta gaya maka ba.”

Na ji haushin maganar, amma na sa takalmi.

Akwai mai shayi a tsallaken titi, daidai gaban benen Hajiya a Tarauni. Na zauna a bencinsa tun bakwai na safe. Na ɗaura noti a bakin zare na rataya a jikin rumfarsa, kamar yadda magina ke yi in za su duba gini, na rufe ido ɗaya na daidaita zaren da ƙarfenmu. A miƙe yake cak. Takwas, a miƙe. Mai shayin yana ta kallona, har ya kasa haƙuri ya ce, “Malam, duba ake yi ne ko wata ake nema?” Ban kula shi ba. Tara da 'yan mintoci sai na ga kan ƙarfen ya fara barin zaren. A hankali, kamar mai jin barci. Kafin goma ya sunkuya ta kudu, farantin kuma ya ɗan kau da fuska. Can sai ga Nasiru ya fito ƙofar shago ya riƙe ƙugu. Da la'asar ta kusa, ƙarfen ya riƙa miƙewa har ya koma kan zaren.

Wallahi sai da na ji hawaye. Ba noti ba ne. Duka ƙarfen ne ke tafiya ya dawo.

Na sake zuwa washegari, haka ya yi. Babu iska, babu hadari, to me ke jansa? Na so in hau in gani, amma an dakatar da ni, kuma ko ba a dakatar ba na san abin da zan tarar: saman fes, kamar kullum. A nan ne tunanin ya zo mini. Duk abin da ke faruwa a can sama, yana faruwa ne lokacin da ba namiji. Mu kuma ba mu taɓa hawa ba sai an sanar.

Asabe tana sayar da turaren wuta da humra, tana bin gidaje da su. Na ce gobe ta kai wa nas-nas ɗin Hajiya, ta hau har sama, ta duba mini duk abin da ya taɓa ƙarfe ko waya. Ƙarfe goma ta shiga. Mace ce, ba wanda ya ce ta dakata. Na zauna a benci ina jira. Rabin awa, awa ɗaya. Na sha shayi kofi uku. A raina na ce ta samu ciniki ta manta da ni. Sai ga ta ta fito, ta tsallako titi tana toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta zo ta kasa magana don dariya.

“Ke, mene ne?”

“Malam, ƙarfen naka shanya ake yi da shi.”

Da ta samu numfashi ta ba ni labari. Sun ɗaura igiya mai kauri daga wayar kudu zuwa ta gabas, wata kuma daga ta kudun zuwa jikin ƙarfen. Masu aikin kwana in sun dawo da safe sai su hau wanki. Barguna uku ta ƙirga, da darduma, da zannuwan gado, da fararen kayan aiki jere, duk suna ɗigar ruwa. Nauyin ya ja wayoyin sun lotsa, ƙarfe ya bi su. Rana ta busar, a kwashe, ƙarfe ya miƙe. In kuwa Hajiya ta ce maza za su hau, sai su ruga su kwashe komai, domin akwai ƙananan kayan da ba a bari maza su gani, su kwance igiyar ma su ɓoye don suna tsoron a ce sun taɓa kayan kamfani.

Muka koma tare wajen Hajiya. Da ta ji, ta tafa hannu ta yi salati.

“Ɗan nan, ai laifin naku ne. Ƙarafan shanyarsu biyu suna nan tun mai gidan yana da rai. Ranar da aka zo kafa naku, wannan mai gilashin ya ce sun tare masa wuri, ya sa masu walda suka yanke. Ya ce zai sa a mayar mana a wani gefen. Har yau. To yaran nan a ina za su yi shanya, a kaina?”

Mai gilashi mutum ɗaya ne a kamfaninmu.

Ban je na yi gardama da baki ba, don na riga na ga inda bakina ya kai ni. Na sami Manaja a ofis na ce, “Ranka ya daɗe, awa ɗaya nake roƙo. Ka zo Tarauni gobe da hantsi, ka zo da Injiniya da kwamfutarsa da oba-oba biyu.” Ya ce to.

Washegari da hantsi, shagon Nasiru a cike, yawanci ɗaliban jinya ne masu son cike takardun makaranta da masu aika saƙo. Na roƙi Hajiya kada a sanar da kowa komai, ba namijin da zai hau. Na ba Asabe oba-oba ɗaya, na nuna mata inda ake dannawa, ta hau. Injiniya ya buɗe kwamfuta yana yatsina. Sigina a ƙasa, kusan babu.

Na danna na ce, “Asabe, kina ji na?”

Muryarta ta cika shagon: “Salamu alaikum. Ina ji, Malam. Yaya zan ce, oba ne?”

Shago ya ɗauki dariya. Na ce a cire barguna. Muka jira. Injiniya ne ke kallon kwamfutar, don haka da bakinsa ya faɗa, ƙasa-ƙasa, cewa tana hawa. Na ce a cire darduma. Ta ƙara hawa. Na ce a kwance igiya. Ta cika fal, shafukan da suka tsaya a kwamfutocin Nasiru suka buɗe lokaci guda. Wata ɗaliba ta yi ihu ta ce takardarta ta tafi.

Manaja ya karɓi oba-oba daga hannuna. Ya ce, “Malama, don Allah a mayar da bargo ɗaya.” Aka mayar, sigina ta sauka. “A ƙara.” Ta mutu. “A cire.” Ta dawo. Alhajin nan da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya zauna a kujera yana dariya har yana share ido da hannun riga. Ɗaliban suka mayar da abin waƙa, wasu na cewa sa bargo, wasu na cewa cire bargo. Daga sama muna jiyo shewar mata ta cikin oba-oba, wata ta karɓa ta ce a gaya wa kamfani bargonta ne mai ruwan ƙasa, shi ya fi kashe intanet, a ba shi lambar yabo. Mai shayi ma ya bar tukunya ya tsallako kallo. Nasiru ya rungume ni ya ɗaga ni sama, ni da a haife na haife shi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba.

Ranar ban bar gidan ba sai da aka gyara. Manaja ya ce in koma aiki nan take. Na kira mai walda, aka sanar da mata yadda aka saba, muka hau muka kafa musu ƙarafa biyu masu ƙarfi can nesa da wayoyinmu, muka ja igiya layi huɗu, ta fi wadda aka yanke musu. Na duba fentina, yana haɗe yadda na bar shi, na sa Manaja ya tura direbansa ya hau ya gani da ido. Hajiya ta yi mana dambu, ta yi ta sa mini albarka. Asabe ta sayar da turarenta kaf, kuma har yau in muka yi saɓani a gida sai ta ce in tuna wa ya gyara Tarauni. Layin nan bai sake faɗuwa da hantsi ba har na bar kamfanin.

Tun daga ranar, duk inda za a kafa ƙarfe a saman gidan mutane, kafin in taɓa sifana sai na zauna da masu gidan na tambaya me suke yi a saman. Shanya ce, kwana ne lokacin zafi, busar da kuɓewa ce, kiwon tantabaru ne. Mu muna zuwa awa biyu mu tafi, su ne ke zaune da ƙarfen kullum. Ku ma ku riƙa tambaya, kuma in gidan mata ne ku nemi mace ta duba muku.

Takardar kuwa, Manaja ya cire ta daga fayil ɗina ya yaga a gabana. Amma a taron Litinin da ya biyo baya Injiniya Kabiru ya miƙe ya ce, “Alhamdu lillahi, mun gano matsalar Tarauni, motsin ƙarfe ne, mun kuma magance ta.” Shi ke nan. Bai ambaci ƙarafan shanya ba, bai ambaci takardarsa ba. Da aka tashi ya same ni a gindin ƙarfen ofis ina shirin hawa, mutane suna nan ba su watse ba. Ya miƙo hannu yana murmushi ya ce, “Malam Garba, komai ya wuce ko?”

Ban karɓi hannun ba. Na ce masa:

“Injiniya, da wa kuka gano? Matata ce ta gano, da tiren turare a kanta, ko sunan rediyon ba ta sani ba. Kai ka yanke wa mata wurin shanya ka manta, da abin ya juyo ka nemi wanda ba shi da takarda ka ɗora masa. Kuskure ba komai ba ne, ni ma na sha yi. Amma na ce ka hau ka duba, ka ce ba hawa ka karanta ba. Da ba ni da mace mai kai, da yanzu 'ya'yana suna jin ana ce wa ubansu mai kwance noti. Zan ci gaba da hawa in ka ce dama in yi dama, in ka ce hagu in yi hagu, don aikin ba naka ba ne. Hannuna kuwa, a gaban mutanen nan ka karanta ƙarya a kaina. Ranar da ka tsaya a gabansu ka ce ƙarya ce, ka zo ka karɓa.”